Kafin a ɗaura keke a bayan ƙaramar mota: Lissafin da ya kamata ɗalibi ya sani

Duk wanda ya san hanyar Sakkwato zuwa Illela, wadda ta ratsa Kware da Gwadabawa, ya san irin lodin da ake yi wa ƙananan motoci a kanta, musamman ranar Lahadi da kasuwar Illela ke ci. Za ka ga Golf ta taho, ƙofar but a ɗage an ja ta da igiya, buhuna sun leƙo waje, a can ƙarshe kuma keke na reto, tayarsa na juyawa cikin iska. Tafiyar kimanin kilomita 85 ce kawai, amma ba kowane keke ne ke isa gida yadda ya baro shago ba. Wani ya isa da lanƙwasasshen gargare, wani fenti ya kankare, wani kuwa a tsakiyar kwalta ake tsinto shi.

Wannan magana ta shafe ku kai-tsaye, ƙannena 'yan sakandare. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa wajen Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin acaɓa ya bi ta, keke ya dawo da martabarsa a gidaje da dama. Ga ɗalibi, sau da yawa keke ne abu mafi tsada da ya mallaka. Kuma dole wata rana a sa shi a mota: ko an sayo shi a Sakkwato za a kawo Illela, ko an koma makaranta a wani gari, ko za a je hutu wurin 'yan uwa a Birnin Ƙonni, wadda ke 'yan kilomitoci kaɗan a tsallaken iyaka.

Ƙugiyar da ke ƙarƙashin bamba

Ku leƙa bayan wasu ƙananan motoci 'yan Beljiyam, wato waɗanda aka yi amfani da su a Turai kafin a kawo su nan. A ƙarƙashin bamba za ku ga wani ƙarfe ya fito, kansa dunƙule kamar ƙaramar ƙwallo. Wannan ita ce ƙugiya. Da ita Turawa ke jan ƙaramar tirela, kuma faɗin ƙwallon a motocin Turai milimita 50 ne. A Amurka sun fi amfani da wani bututu mai kusurwa huɗu da ake zura ƙarfe a ciki.

A kan wannan ƙugiya ake ɗaura wata kariya ta musamman don ɗaukar keke. Iri biyu ce. Akwai mai hannuwa biyu da ake rataye keke a kansu, akwai kuma mai faranti, wadda tayoyin keke ke zama a cikin kwarinta, sannan wani hannu ya riƙe jikinsa. Amfaninta a fili yake: ba sai an ɗaga keke zuwa saman mota ba, ba ya gogar fentin mota, kuma but na nan a rufe. Ba ta yawaita a wajenmu ba tukuna, amma ana samunta cikin kayan gwanjo, kuma masu walda na iya ƙera makamanciyarta.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, kowace ƙugiya ta kamfani tana da iyakar nauyin da za a iya ɗora mata daga sama. An rubuta shi a wani ɗan ƙarfe ko takarda da ke manne a jikinta, galibi kusa da harafin S, kuma yana cikin littafin motar. A ƙananan motoci, yawanci tsakanin kilo 50 ne da 75. Kada ku rikita shi da nauyin da mota ke iya ja, wanda ke kai ɗaruruwan kilo. Ja daban, ɗauka daban.

To, ga lissafin farko. A ce an rubuta 50. A ce kariyar da kanta kilo 15 ce. Saura kilo 35 ke nan na kekuna. Ƙananan kekuna biyu masu kilo 14 kowanne sun zama 28, babu matsala. Amma manyan kekunan ƙarfe irin Phoenix ko Raleigh na iyayenmu, kowanne na kai wajen kilo 20. Biyu sun zama 40, an wuce iyaka ke nan. Ma'aunin rataye na masu sayar da hatsi ya isa ya gaya muku nauyin kekenku.

Darasin amalanke

Me ya sa kamfanoni suka tsananta a kan wannan ɗan nauyi, alhali mota na ɗaukar mutum biyar? Amsar na nan a kasuwa. Ku kalli amalanken jaki. Idan aka jibge kaya a can baya, bayan taya, sai itatuwan gaba su ɗaga, har jakin ya rasa inda zai kafa ƙafa. Ba yawan kayan kaɗai ya jawo haka ba, inda aka ajiye su ne. Ko ku ɗauki bokitin ruwa a kusa da jikinku, sannan ku miƙe hannu da shi. Ruwan bai ƙaru ba, amma kafaɗa za ta ba ku labari.

Wannan shi ne abin da malamin Fiziks ke kira momen: nauyi sau nisa. A mota, tayoyin baya su ne madogara. A Golf, tsakanin tayar gaba da ta baya kusan mita 2.5 ne. A ce kariya da kekuna sun kai kilo 50, kuma suna zaune mita 1 a bayan tayar baya. 50 sau 1 ya ba da 50. A raba da 2.5, ya ba da 20. Ma'ana, tayoyin gaba sun rasa kilo 20 na nauyin da ke danne su a ƙasa, na baya kuma suna ɗauke da kilo 70, ba 50 ba.

Kilo 20 ba wani abin tashin hankali ba ne a motar da nauyinta ya kai tan ɗaya, idan shi kaɗai ne. Amma ku sake lissafin da irin lodin ranar kasuwa: buhuna da keke masu kilo 150 sun leƙo mita 1 a baya. Gaba ya rasa kilo 60, baya na ɗauke da 210, ga kuma fasinjoji a kujerar baya. A irin waɗannan motoci, tayoyin gaba ne ke jan mota, su ke juya ta, kuma su ke yin mafi yawan aikin birki. Idan suka yi sakayau, sitiyari ba ya jin magana sosai a kwana. Da dare kuma fitilun gaba su ɗaga sama, su kashe wa mai tahowa ido maimakon su haska hanya.

Akwai ƙarin abu biyu. Na farko, rami. Duk lokacin da mota ta faɗa rami ko ta haye tudun rage gudu, kayan da ke can ƙarshe su ne suka fi jijjiga, kuma ƙarfin da ke dukan ƙugiya a wannan ɗan lokaci ya fi nauyin kayan nesa ba kusa ba. Na biyu, iska. Ƙarfin iskar da ke tura keke ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ya fi haka: idan gudu ya ninka daga kilomita 50 zuwa 100 a awa, ƙarfin iska ya ninka sau huɗu. Igiyar da ta riƙe lafiya a cikin gari tana iya sakewa kafin a kai Gwadabawa.

Abin da za a duba kafin a tashi

Da farko, ƙugiyar. Ta kamfani an ɗaure ta ne da manyan notuna a jikin ƙashin mota, ba a jikin bamba ba. Bamba a irin waɗannan motoci mafi yawanta roba ce. Idan mai walda zai ƙera kariya, kada a yarda ya maƙala ta a bamba ko a siririn ƙarfen da tsatsa ta ci. A kai wa makaniki ya leƙa ƙasa tukuna. Araha ba ta ado, balle a abin da zai yi tafiya a kan babban titi.

Na biyu, tsarin ɗorawa. Keke mafi nauyi shi ne zai fi kusa da mota, don a rage nisan nan da muka lissafa. Idan biyu ne, a juya su, kan wannan ya kalli dama, na wancan ya kalli hagu, a sa tsumma ko kwali a inda za su gogi juna. A cire kwando, famfo da jakar makaranta. A ɗaure jikin keke, a ɗaure kowace taya don kada ta yi ta juyawa. Robar tsohon tif tana da amfani wajen hana motsi, amma tana miƙewa, rana kuma na cinye ta, don haka kada ta zama ita kaɗai. A ƙara da igiya mai ƙarfi. Bayan an gama, a kama keken a girgiza. Idan motar ce ta motsa tare da shi, ɗauri ya yi. Idan shi kaɗai ya motsa, a sake.

Na uku, salansa. Hayaƙinta na da zafin da zai iya lalata tayar keke idan tana daidai bakinta. A tabbata akwai tazara.

Na huɗu, fitilu da lamba. Wannan shi ne wanda ya fi shafar rayuwar wasu. Mai babur da ke bin mota a baya ba shi da abin da ke gaya masa direba ya taka birki ko zai yi kwana sai jar fitila da sigina. Idan keke ya rufe su, an rufe masa ido. Shi ya sa kariya mai kyau ke zuwa da nata fitilu da wurin maƙala lamba, da waya da ake sokawa a soket ɗin da ke gefen ƙugiya. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, na ɗaukar lodin da ya wuce ƙima, rashin fitilu da rufe lamba a matsayin laifuffuka. Gwajin mai sauƙi ne: direba ya taka birki ya kunna sigina, kai kuma ka tsaya a baya ka gani.

Na biyar, faɗi da tsawo. Babban keke na kai wajen mita 1.8, faɗin Golf kuwa kusan mita 1.7 ne. Ke nan taya za ta ɗan leƙo a gefe. A cunkoson kasuwar Illela, inda babura, amalanke da dabbobi ke gogayya, wannan ɗan leƙowar ya isa ya kama rigar wani. Motar ta kuma ƙara tsawo da kusan mita ɗaya, sai a tuna da haka wajen ribas. Kuma ƙaramar mota gajeruwa ce, kariya na iya dukan ƙasa wajen sauka daga kwalta zuwa hanyar ƙasa.

Na ƙarshe, bayan tafiyar 'yan mintoci, a tsaya a gefen hanya a sake jan igiya. Ɗauri yakan saki ne a farkon tafiya.

Idan babu kariya fa?

Ba dole sai an saya ba. Irin wannan mota mai ƙofar baya an ƙera ta ne yadda kujerun baya za su kwanta. Da sifana mai lamba 15 za a kwance tayar gaba ta yawancin kekuna. A kwantar da kujera, a shimfiɗa buhu, a kwantar da keke ɓangaren kaca na sama don kada maiƙo ya ɓata mota, a rufe but. Idan feda ta hana, ita ma ana kwance ta, sai dai ku tuna ta hagu a juye take: ɓangaren da ake ɗaure sauran notuna, nan ake kwance ta. Keke a cikin mota ya tsira daga iska, ƙurar hunturu da hannun ɓarawo, kuma nauyinsa na zaune a inda ya dace. Wannan hanya ta fi duk sauran aminci idan babu fasinja a baya.

Idan motar haya ce, gara a biya kuɗin kujera ɗaya ko a jira wadda ba ta cika ba, da a bar keke yana lilo a bakin but. Kuɗin gyaran gargare da kaca na iya fin abin da aka so a rage.

Masu tsallaka iyaka kuma su riƙe rasit ɗin sayen keke. Iyakar Illela ta sha rufewa da buɗewa: an rufe ta a Agustan 2019 aka buɗe a Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sannan Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris 2024. A wurin da jami'ai ke bincika abin da ke shiga da fita, takarda na rage dogon bayani.

Na san yawancinku ba ku ne ke tuƙi ba, kuma ba kowane babba ne ke son yaro ya koya masa lodi ba. Ba sai an yi gardama ba. Cikin ladabi za ka ce, "Baba, bari in duba lambar da ke jikin ƙugiyar nan," ko ki ce, "Yaya, taka birki in ga ko fitila na fitowa." Minti biyar ne. Lissafin da kuke haddacewa don jarrabawar WAEC da NECO shi ne dai wannan, sai dai a nan amsar ba a takarda take ƙarewa ba. Tana ƙarewa ne a kan kekenku, da kuma mai babur ɗin da ke biye da ku a baya.