Kafin ka sayi na'urar kiɗa, duba ramin da ke gefenta

Tun da kamfanin Apple ya daina ƙera iPod a 2022, mutane da yawa sun ɗauka zamanin ƙaramar na'urar kiɗa ta aljihu ya wuce. Bai wuce ba, don Sony da FiiO suna nan suna fitar da nasu. Sai dai mai saye yakan fi damuwa da yawan waƙoƙin da za ta ɗauka, alhali katin memori ya riga ya raba wannan gardamar. Abin dubawa shi ne ta inda sauti zai bi ya shiga sitiriyon falo.

Hanyar da ba ta ba da kunya kebul ce: siririn kai mai milimita 3.5 a gefe guda, kawunan RCA biyu a ɗaya gefen, ja na dama, fari na hagu. A soka su a ramin AUX na sitiriyon. Kada a kuskura a sa a PHONO, domin an yi shi ne don rarraunan sautin faifan garmaho, zai kumbura kiɗan har ya dagule.

Wani zai ce ai wayar hannu da Bluetooth sun wadatar. Idan shagali ake so a tsakar gida, haka ne. Amma Bluetooth yakan matse sauti kafin ya aika, don haka wanda ya tara waƙoƙinsa a tsarin FLAC mai cikakken inganci ya yi asarar ingancin da ya nema. Ga kira yana katse waƙa, kuma tun daga iPhone 7 a 2016 wayoyi da dama sun zo babu ramin kebul ɗin ma.