Yadda Ake Shata Sansanin Waɗanda Bala'i Ya Raba da Gidajensu

Shata sansanin da zai ɗauki dubban mutane bayan ambaliya, girgizar ƙasa ko yaƙi yana farawa ne daga filin kansa, tun kafin a kafa tanti ko ɗaya. Ana neman wuri mai ɗan gangare, kashi 1 zuwa 5 cikin ɗari, domin ruwan sama ya samu hanyar wucewa ba tare da ya zaizaye ƙasa ba. Fadama da filin laka ba sa yi, don suna riƙe ruwa. Ƙasa mai dutse ma tana da nata haɗarin. A watan Yulin 1994, ɗaruruwan dubban 'yan Ruwanda suka kwarara zuwa Goma da ke gabashin ƙasar Zayar ta lokacin, suka sauka a kan sandararren aman dutse inda haƙa masai ya gagara. Jama'a suka koma shan ruwan tafkin Kivu, kwalara ta ɓarke, kimanin mutum 50,000 suka rasu cikin wata guda. Wannan masifa na daga cikin abubuwan da suka sa ƙungiyoyin agaji suka fara haɗa ƙa'idojin Sphere a 1997, waɗanda har yau masu tsara sansani ke dogara da su.

Bisa waɗannan ƙa'idoji, kowane mutum yana buƙatar murabba'in mita 45 na faɗin sansanin, idan aka haɗa da hanyoyi, makaranta, asibiti, kasuwa da ɗan lambu. A cikin ɗakin kwana kuwa, mafi ƙaranci shi ne murabba'in mita 3.5. Ke nan sansanin mutum 20,000 zai ci hekta 90, kuma samun irin wannan fili kusa da gari, wanda babu rigima a kansa, shi ne ciwon kan farko na kowace hukumar agajin gaggawa.

Bayan fili sai ruwa da makewayi, kuma a nan ne lissafi ya fi tsauri. Ana ware wa mutum lita 15 a rana, famfo ɗaya ga mutum 250, kuma kada nisan ɗebo ruwa ya wuce mita 500. Makewayi ɗaya na mutum 20 ne. Kada ya yi nisan fiye da mita 50 daga matsuguni, amma ya nisanci rijiya da aƙalla mita 30, ƙasan ramin kuma ya tsaya mita ɗaya da rabi sama da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Mitocin nan 50 ba ado ba ne. Makewayin da aka kai bayan sansani, inda babu fitila kuma ƙofarsa ba ta da sakata, mata da yara ba za su je shi da dare ba, kuma wanda ya gina shi zai ƙirga shi a rahoto alhali ba ya amfanin kowa. Raba na mata da na maza, da sanya ƙofofinsu su kalli ɓangarori dabam, ƙaramin aiki ne a takarda, amma shi ke tabbatar da an yi amfani da su.

Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNHCR, tana gina tsarinta daga ƙasa zuwa sama. Iyalai 16 su ne rukuni guda, rukunai 16 su ba da unguwa mai mutum kusan 1,250, unguwanni huɗu su zama shiyya, shiyyoyi huɗu kuma sansani mai mutum 20,000. Kowane mataki da abin da ake ajiye masa: famfo a kusa da rukuni, makaranta a shiyya, cibiyar lafiya da kasuwa ga sansanin gaba ɗaya.

Abin da ya fi jawo muhawara shi ne yadda ake jera matsugunan. Dogayen layuka irin na barikin soja suna da saurin aunawa da sauƙin ƙirgawa, shi ya sa ma'aikata ke son su. Sai dai mutane ba haka suke zama ba. A sansanin Za'atari na ƙasar Jodan, wanda aka buɗe a Yulin 2012, 'yan Siriya sun riƙa janye ɗakunan da aka jera musu a layi, suna haɗa su da na danginsu a kewaye da tsakar gida. Magidanci daga Borno ko Diffa ma, da zarar ya samu zana ko tsohuwar tamfol, zai kewaye ƙofarsa domin iyalinsa su samu sutura da wurin girki. Tsarin da ya fi hankali shi ne wanda ya bar gurbin wannan tun farko, ya zaunar da mutanen gari ɗaya wuri ɗaya tare da bulamansu ko mai unguwarsu, ya kuma sa tsofaffi da naƙasassu kusa da famfo da wurin rabon abinci.

Gobara tana da nata ma'auni: aƙalla mita 2 tsakanin ɗaki da ɗaki, da kuma fili mai faɗin mita 30 bayan kowace mita 300 ta gine-gine. Matsalar ita ce waɗannan filaye su ake fara cikewa idan sababbin mutane suka iso. A Maris na 2021, wuta ta cinye dubban matsugunai a sansanonin 'yan Rohingya da ke Cox's Bazar a Bangaladash, inda ɗakunan gora da leda suke manne da juna.

Ba kullum ake samun sararin shata fili ba. Lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a Satumbar 2024, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri cikin dare, aka kwashe jama'a zuwa makarantu, aka kuma sake buɗe sansanin Bakassi da aka rufe a 2021. A irin waɗannan gine-gine tsarin yana komawa ciki: a raba ɗaki da labule ko katako iyali-iyali, a bar hanya a tsakiya wadda ta kai ga ƙofofin fita, a fitar da girki waje, a keɓe ɗaki ga masu gudawa ko ƙyanda. Makewayin makaranta an gina shi ne don ɗalibai masu tashi da azahar, saboda haka ƙara wasu shi ne aikin kwanakin farko, tare da neman inda za a mayar da mutanen kafin a koma karatu.