Abin Da Ke Tsayar Da Injin Iska Alhali Iska Na Kaɗawa

A shekarar 2017 aka gama kafa injinan lantarki masu aiki da iska guda 365 a gabashin Tafkin Turkana, can arewacin Kenya, inda iska ke ratsowa tsakanin tsaunuka ba dare ba rana. Kowane inji na iya ba da kilowat 850, jimilla megawat 310, kuma a lokacin babu tashar iska mai girmanta a duk Afirka. Amma sama da shekara guda injinan nan suna tsaye cak, iska na wucewa a banza. Ba lalacewa suka yi ba. Layin da zai yi dakon wutar zuwa Suswa, kusa da Nairobi, mai tsawon fiye da kilomita 400, shi ne bai kammalu ba, domin kamfanin ƙasar Sifen da aka ba kwangilar ya durƙushe. Sai a watan Satumba na 2018 aka haɗa tashar da babban layin wuta na ƙasa. Kafin nan Kenya ta ɗauki bashin biliyoyin shilin na wutar da ba wanda ya kunna ko ƙwai ɗaya da ita.

Duk wanda ya ga farfela a tsaye, abin da zai fara faɗa shi ne ta lalace, ko kuma lantarkin iska ba abin dogaro ba ne. A mafi yawan lokaci hukuncin nan kuskure ne, kuma kuskure ne mai tsada, don yana sa a ɗora wa na'ura laifin da yake na tsari.

Iskar da mutum ke ji a jikinsa ba lalle ta isa ta yi aiki ba. Yawancin injinan zamani ba sa fara ba da wuta sai gudun iska ya kai mita 3 zuwa 4 a daƙiƙa, kuma ba sa kaiwa cikar ƙarfinsu sai wajen mita 12 zuwa 15. Tsakanin waɗannan iyakoki akwai wata ƙa'ida da ta cancanci a tsaya a kanta: idan gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin da ke cikinta ba sau biyu yake ninkawa ba, sau takwas ne. Iska mai mita 8 a daƙiƙa tana ɗauke da ninki takwas na abin da mai mita 4 ke ɗauke da shi. Wannan ne ya sa ɗan sassauci kaɗan, wanda mai tafiya a ƙasa ba zai ma lura da shi ba, kan zubar da rabin wutar tasha. Shi ne kuma ya sa zaɓen wuri ya fi komai muhimmanci, har masu aikin kan kafa doguwar hasumiya su auna iskar wuri na aƙalla shekara guda kafin a haƙa rami ko ɗaya. Tun 1919 masanin Jamus Albert Betz ya nuna cewa babu injin da zai iya karɓe fiye da kashi 59 cikin ɗari na ƙarfin iskar da ta ratsa shi, domin dole iskar ta samu hanyar wucewa ta bayansa. A tasha guda ma, injinan da ke sahun gaba kan rage wa na baya ƙarfin iska, sai a ga wasu na juyi wasu na hutawa.

Idan kuma iskar ta yi yawa, injin da kansa yake tsayawa. Da zarar ta kai wajen mita 25 a daƙiƙa, wato kilomita 90 a awa, kwamfutar da ke cikinsa za ta juya fukafukan su fuskanci iskar da gefensu, yadda ba za ta samu abin turawa ba. Ko a juyin da aka saba gani kamar na sannu-sannu, bakin fiffiken babban inji yana gudun da ya haura kilomita 250 a awa. A bar shi ya biye wa guguwa, za a yi asarar na'urar da aka gina don ta yi shekara 20 zuwa 25 saboda kwaɗayin wutar awa biyu.

Akwai ƙananan dalilai da ba sa ɗaukar lokaci mai tsawo. Ana tsayar da inji don canza mai da duba giya, kuma an fi yin haka a ranakun da iska ta lafa. A ƙasashen sanyi ƙanƙara kan daskare a kan fukafukai. A Jamus doka ta ƙayyade tsawon lokacin da inuwar farfela za ta riƙa gilmawa a kan gidan mutum, idan an kai iyakar sai injin ya dakata. A Jabal al-Zait na Masar, bakin Mashigin Tekun Suwez, akan tsayar da injina idan ayarin manyan tsuntsaye masu ƙaura ya tunkaro.

Babban dalilin, wanda ya fi cin kuɗi kuma aka fi jahiltarsa, shi ne a ba inji umarnin tsayawa alhali lafiyarsa ƙalau, iska kuma tana kaɗawa yadda ake so. Lantarki ba hatsi ba ne da za a zuba a rumbu. A kowace daƙiƙa, abin da tashoshi ke turowa dole ya yi daidai da abin da jama'a ke sha, in ba haka ba bugun wutar ya kauce daga 50 a daƙiƙa, wanda a kansa Najeriya da Turai suke, na'urorin kariya su fara katse layuka. Idan wuta ta yi yawa, ko wayar da za ta ɗauke ta ta cika, dole wani ya rage. Injin iska ya fi kowa sauƙin tsayarwa da tayarwa, cikin mintuna kaɗan, alhali tashar kwal ko ta nukiliya sai an yi awanni ko kwanaki ana lallaɓa ta. Don haka shi ake fara cewa ya dakata. Halinsa ɗaya da manomin rani da tumatirinsa ya nuna ba motar da za ta kai shi kasuwa: gonar ba ta gaza ba, hanya ce babu.

China ta ɗanɗana wannan. Ta kafa injina da sauri a arewa maso yamma, inda iska take, alhali masana'antu da birane suna gabas. A 2016 an yi watsi da kusan kashi 17 cikin ɗari na wutar iskar da ƙasar za ta iya samarwa, a lardin Gansu kuwa abin ya haura kashi 40. Gwamnati ta dakatar da sababbin tashoshi a lardunan da abin ya fi muni, ta shimfiɗa manyan layuka masu dogon zango, cikin 'yan shekaru asarar ta sauko ƙasa da kashi 5. A Birtaniya har yanzu ana fama: iska tana Sikotilan, masu buƙata suna kudancin Ingila, wayoyin da ke tsakani ba su wadatar ba. Sai a biya tashar iska ta arewa don ta tsaya, a sake biyan tashar gas ta kudu don ta tashi, kuɗin biyun kuma ya faɗa kan takardar wutar talaka. Fushin mai biya yana kan hanya, amma wayar da ba a ja ba ya kamata ya tuhuma. A Jamus kuwa akwai ranakun da rana da iska ke haɗuwa su cika kasuwa har farashi ya faɗi ƙasa da sifiri, mai tasha ya ga gara ya tsaya da ya biya a karɓi wutarsa.

Da aka ce "abin dogaro", tambayoyi biyu ake cakuɗawa. Ta farko, na'urar tana shirye ta yi aiki? A nan injin iska da ake kula da shi yana da kyakkyawar shaida, domin yakan kasance a shirye kusan kashi 97 cikin ɗari na lokaci. Ta biyu, nawa yake bayarwa a shekara idan aka gwada da cikar ƙarfinsa? A tudu yawanci kashi 25 zuwa 40 ne, a cikin teku 40 zuwa 50, Turkana kuwa takan haura rabi. Wanda ya ji "megawat 10" ya ɗauka zai samu goma kullum, shi ya yaudari kansa. Matsakaicin da zai samu uku ne ko makamancin haka, kuma masu lissafin aikin sun san haka tun kafin su zuba kuɗi.

Raunin iska na gaskiya shi ne ba a kiranta ta zo. A watannin Nuwamba da Disamba na 2024 Jamus ta yi kwanaki ba iska ba rana, farashin wuta ya yi tashin gwauron zabi, ƙasar ta jingina da gas da kwal da wutar maƙwabta. Duk mai kare lantarkin iska da ya ɓoye wannan bai yi wa mai karatu adalci ba. Sai dai ana iya hango lafawar iska kwana ɗaya ko biyu kafin ta zo, a shirya mata. Babbar tashar gas ko kwal kuwa idan ta faɗi, faɗuwar farat ɗaya ce, da ɗaruruwan megawat a hannunta. A Fabrairun 2021, da sanyi ya jefa miliyoyin gidaje cikin duhu a jihar Texas ta Amurka, an yi ta yaɗa hotunan farfelu da suka daskare. Sun daskare kuwa. Amma binciken hukumomin tarayya ya gano cewa kaso mafi girma na wutar da aka rasa daga ɓangaren gas ne, inda rijiyoyi da bututu da tashoshi suka ƙame, ga shi layin jihar ba shi da wata haɗaka ta kirki da na maƙwabta da za su kawo ɗauki. Danmak ta bi wata hanyar. Fiye da rabin wutarta daga iska take samu, amma jimillar ɗauke wutar da ɗan ƙasar ke gani a shekara ba ta kai awa ɗaya ba. Ta ja wayoyi zuwa Norway da Suwidin da Jamus. In iska ta yi yawa ta tura wa maƙwabta, Norway ta riƙe ruwan madatsunta, in iskar ta lafa a buɗe ruwan a maido wa Danmak wuta.

Wannan batu ya shafe mu 'yan Najeriya kai tsaye, domin a Lambar Rimi ta jihar Katsina akwai injina 37 na kamfanin Vergnet na Faransa, kowanne kilowat 275, jimilla kusan megawat 10. An faro tunanin aikin tun marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamna, daga baya gwamnatin tarayya ta karɓe shi. A Disamban 2012 'yan bindiga suka sace wani injiniya Bafaranshe da ke aikin, bai kuɓuta ba sai bayan wata goma sha ɗaya, aikin kuma ya kwashe fiye da shekara goma yana jan ƙafa. Babu ko ɗaya daga cikin wannan da ya shafi ƙarfin iskar Katsina. Abin da nake tsoro shi ne a ɗauki tsayuwar waɗannan farfelu a matsayin hujjar cewa iska ba ta yi a Arewa, a rufe babin, alhali ba a taɓa ba ta damar gwaji na gaskiya ba.

Ƙasarmu tana da nata sharuɗɗan. Iskar hunturu tana zuwa ne da rani, lokacin da ruwan madatsa irin ta Shiroro ke ja baya, wanda hakan dacewa ce mai amfani. Amma tana tafe da ƙura mai cin bakin fukafukai da toshe matatun iska, farkon damina kuma ga guguwa da tsawa. Bayan haka, irin waɗannan injina ba sa aiki su kaɗai: idan babban layin ƙasa ya faɗi, kamar yadda ya sha faɗuwa, su ma tsayawa suke yi nan take, komai kyawun iskar, sai in an haɗa su da batura da na'urorin da za su riƙe ƙaramin layi na yanki. Don haka abin da ya kamata 'yan majalisa da 'yan jarida su nema daga masu kula da Lambar Rimi shi ne su riƙa wallafa lissafi kowane wata: awa nawa injinan suka tsaya saboda rashin iska, awa nawa saboda lalacewa ko jiran kayan gyara daga waje, awa nawa kuma saboda layin da zai karɓi wutar ba ya nan.