Dogaran Jini da Ciwon Daji

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Garu ranar hawan salla, ya ga yadda dogaran Sarkin Dutse ke tsawata wa mahaya don kada dawaki su tattake 'yan kallo, zai fahimci wata hikima da Allah Maɗaukakin Sarki Ya ajiye a jikin ɗan Adam. A cikin fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne rundunar da ke yaƙar cuta, akwai wata 'yar jama'a da ba ta kai hari, aikinta kawai ta riƙe linzamin 'yan uwanta, domin kada zafin yaƙi ya ɗebe su su auka wa jikin da aka ba su amanarsa.

Wani malami Bajapane, Shimon Sakaguchi, shi ya tabbatar da samuwar waɗannan dogaran jini a 1995, sa'an nan a 2001 Mary Brunkow da Fred Ramsdell a Amurka suka gano ƙwayar gado mai suna FOXP3, wadda in ta samu naƙasa sai dogaran su gaza aikinsu, garkuwar jiki ta juya ta ci mai ita. Su ukun aka bai wa kyautar Nobel a 2025.

To, a nan makircin ciwon daji yake, domin ƙari yakan jawo dogaran nan su kewaye shi, har in mayaƙa suka iso a ce musu su mayar da takobi kube, alhali maƙiyi na zaune cikin gida yana ƙiba. Saboda haka likitoci suka duƙufa neman sassauta linzamin. Maganin ipilimumab, wanda Amurka ta halatta a 2011 don dajin fata, ta wannan fuska yake aiki, amma sau da yawa yakan bar majinyaci da kumburin hanji da zawo mai tsanani, tun da dogarin da aka raunana a ƙari an raunana shi a hanji ma. Maslahar da ake bida yanzu ita ce a taɓa na cikin ƙarin kaɗai, kuma har yau ijtihadin bai kammala ba.

Ga majinyacin da ya zo Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni daga Kiyawa ko Jahun, wanda kuɗin mota zuwa gashin dajin ma sai an sayar da akuya, irin wannan magani ya yi nisa ƙwarai. Abin da ya fi kusa da shi, a ganina, shi ne tsohon maganin nan mai araha, cyclophosphamide, wanda bincike ya nuna cewa in an ba da shi kaɗan-kaɗan yakan rage yawan dogaran, ana kuma ci gaba da gwada shi haɗe da wasu magunguna.