Tsatsar tankin babur: daga ina take, yaya ake maganinta?

Daga gonakin raken Maƙarfi zuwa fadamun tumatir na Ikara da Kudan, babur ne ke kai manomi gona, ya ɗauko masa taki, ya garzaya da mara lafiya Zariya. To amma tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, da wuya ka ji ɗan acaɓa ya ce a cika masa tanki. Lita ɗaya ko biyu ake zubawa, sau da yawa ma daga galan ɗin ɗan bumburutu. Wannan tsimi kuwa yana buɗe wa tsatsa ƙofa.

Tsatsa ba ta kama ƙarfe sai ruwa da iska sun haɗu a kansa. Tankin da babu mai sosai cike yake da iska, iskar damina kuma ɗauke take da laima. Idan dare ya yi ƙarfen ya huce, sai laimar ta zama raɓa a bangon tankin ta ciki. Ga kuma ruwan da ke kutsawa ta murfin da robarsa ta mutu, lokacin ruwan sama ko wajen wanki. Da yake ruwa ya fi fetur nauyi, can ƙasa yake kwanciya, shi ya sa huji ya fi ɓullowa a gindin tanki. Kafin a kai ga haka, garin tsatsar zai riƙa toshe famfon mai da kafireta, babur ya dinga shaƙewa yana mutuwa a hanya.

Idan abin bai yi nisa ba, mai babur na iya gyarawa da kansa. A kwance tankin a fili, nesa da murhu da taba. A juye man, a cire famfon, a toshe ƙofarsa. A wanke cikin da ruwan omo, sannan a zuba notuna da ƙananan kusoshi, a girgiza sosai su kankare ɓawon tsatsar. A ƙirga su tun farko, don kada ɗaya ya maƙale a ciki.

Daga nan a cika shi da ruwan kal, wato binega, a bar shi kwana ɗaya ko biyu. Tsaminsa ne ke narkar da tsatsar. Kada gaggawa ta sa a zuba ruwan batir, domin shi har ƙarfen yake ci. Bayan an juye, a ɗauraye da tataccen ruwan kanwa don ya kashe ragowar tsamin, a bi da ruwa mai tsabta, a shanya a rana nan take da murfin a buɗe. Ƙarfen da aka kankare ba ya jimawa yake sake yin ja idan an bar shi da danshi.

Sai batun liƙi. Sabulun da direbobi ke shafa wa huji yana riƙewa ne saboda fetur ba ya narkar da shi, amma ruwa na wanke shi. Dabarar isa gida ce kawai. Ƙaramin huji a goge shi da sanfefa ta waje, a liƙe da gam mai haɗi biyu wanda aka rubuta cewa yana jure fetur. Akwai kuma ruwan liƙi na musamman da ake zubawa a ciki, a jujjuya tankin ya game ko'ina, a tsiyaye saura, a jira ya bushe iya kwanakin da kamfanin ya faɗa. Fentin gida ba ya maye gurbinsa: fetur zai saɓule shi ya koma kafireta.

Walda kuwa ba aikin gida ba ce. Tururin fetur na kamawa da wuta ko da bai kai kashi 2 cikin 100 na iskar da ke cikin tanki ba, don haka tankin da aka juye yana iya tarwatsewa a fuskar mai walda. Idan hujin ya yi yawa, ko ƙarfen yana lotsawa da an danna shi da yatsa, a haƙura a sayi wani. Wanda kuma ya gyara nasa, ya sauya robar murfi, ya sa matatar mai a kan tiyo, kuma idan zai ajiye babur na tsawon makonni, ya daure ya cika tankin.