Daga Farin Dutse zuwa bakin hamada: yadda muka lissafa tafiyar iyali a littafin aji

Wani dare a hutun da ya wuce, muna zaune a tsakar gida a Farin Dutse bayan sallar isha'i, sai ƙanena da ke aji ɗaya a ƙaramar sakandare ya miƙo mini waya. "Yaya, kalli nan," in ji shi. Bidiyo ne na wasu Turawa, miji da mata da 'ya'yansu, sun kafa tanti a gindin tudun yashi suna dafa shayi, rana tana faɗuwa. Ya ce haka yake so mu yi idan mun je Nijar.

Zuwa Nijar ɗin da gaske ne. Kakarmu tana da ƙanwa da aka aurar a Damagaram tun tana yarinya, rabonsu da ganin juna shekara 19. An aiko cewa za a aurar da jikarta a watan Disamba, Kaka kuma ta ce ko a kan jaki ne sai ta je. Baffa, wanda ke haya da motarsa ƙirar Sharon tsakanin Gwaram da Kano, ya ce zai kai mu. Mu 7 ne: Kaka, Baba, Inna, Baffa, ni, ƙanwata da ƙanena. Yaran suka ƙara nasu buri, wai tunda an je Damagaram a zarce Agadas a kwana cikin yashi. Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya dube ni ya ce, "Kai ne mai karatun labarin ƙasa a jami'a. Je ka lissafo mana." Na ɗauko tsohon littafin aji mai shafi 40 na fara.

Shafin hanya

Daga Farin Dutse za mu bi Gwaram da Birnin Kudu, mu fita Wudil mu shiga Kano. Daga nan sai Kazaure, Daura da kan iyakar Kongolam. Idan an tsallaka akwai Matamaye da Kance kafin a isa Damagaram, wadda taswira ke kira Zinder. Daga Kano zuwa can kimanin kilomita 240 ne. Akwai kuma hanyarmu ta Jigawa, ta Dutse da Gumel zuwa Maigatari, amma Baffa ya fi sanin ta Daura, don haka ita na rubuta. Duk tsawon wannan tafiya akwai garuruwa, masu faci da wuraren shan mai.

Daga Damagaram zuwa Agadas kimanin kilomita 450 ne, ta Tanut da Aderbisinat. Bayan Tanut gonaki suna ƙarewa, garuruwa suna yin nisa da juna, kuma za ka iya yin tafiya mai tsawo ba ka ga bakanike ba.

Ban ga laifin ƙannena ba, domin Agadas wurin gani ne. Hasumiyar babban masallacinta ta laka ce, tsayinta mita 27, asalin gininta tun wajen 1515, kuma UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2013. Ta wannan yanki ayarin raƙuman Abzinawa ke ratsa hamadar Tenere zuwa Fachi da Bilma su ɗauko gishiri. A Tenere ɗin ne aka taɓa samun wata bishiya ita kaɗai, ba wata a kusa da ita, sai a 1973 wani direban babbar mota ya buge ta. Ragowarta tana gidan tarihi na Yamai.

Shafin takardu da kuɗi

Jin Hausa a tsallaken iyaka ba ya hana a tambaye ka takarda. Kowane mutum yana bukatar fasfo, har da yara, da kuma katin rigakafin cutar shawara. Allurar tana fara amfani a wajen jami'ai ne kwana 10 bayan an yi ta, saboda haka ba a barinta sai ana gobe tafiya. Direba zai riƙe lasisinsa da cikakkun takardun mota da inshorar da ke aiki a ƙetare, sannan a ofishin kwastan na Nijar, wanda can ake kira duwan, a karɓi takardar shigar da mota ta ɗan lokaci.

Dokokin iyaka suna sauyawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe iyakar Najeriya da Nijar, ba a buɗe ba sai a watan Maris na 2024. A ranar 29 ga Janairun 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS. Shi ya sa na rubuta da jan biro cewa mako guda kafin tashi Baba zai je ofishin shige da fice ya tambayi abin da ake bukata a lokacin. Matambayi ba ya ɓata.

Kuɗin can sefa ne, kuma lissafinsu yana rikita baƙo. A bakin 'yan kasuwa dala ɗaya tana nufin sefa 5. Idan mai shayi ya ce maka dala ashirin, sefa 100 yake nufi. Dala ɗari sefa 500 ce, jikka guda kuma sefa 1,000. Ƙanwata ta mayar da wannan wasa, kullum tana yi wa Inna ciniki da dala har ta iya. Na kuma rubuta a sayi layin waya na can da zarar an tsallaka, kuma kada kowa ya ɗaga waya ya ɗauki hoto a shingen jandarma ko na soja.

Shafin ruwa

A nan lissafin ya fara nauyi. Ma'aikatan agaji na duniya kan ware wa mutum ɗaya lita 15 a rana don sha, girki da tsafta. Mu 7 ne, ke nan lita 105 a rana. Tafiyar Damagaram zuwa Agadas ta yini guda ce idan komai ya tafi daidai, amma mai shiga hamada yana lissafi ne da ranar da mota za ta tsaya, ya jira taimako kwana biyu ko uku. Ruwan kwana 3 lita 315 ne. Raba shi da jarkar nan mai ruwan ɗorawa mai cin lita 25, za ka samu jarka 13. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, wato kilo 315 kafin a sa ko buhu ɗaya.

Sai mai. Baffa ya ce a kan kwalta mai kyau motarsa tana shan kimanin lita 1 a kilomita 10, tankinta kuma lita 70 ne. Kilomita 450 za ta ci lita 45, amma yashi, lodi da ɓatan hanya suna ƙara shan mai, dole a riƙe na ko-ta-kwana. Jarkar fetur kuwa ba a zama da ita cikin mota ɗaya da yara a cikin zafi. Ga safaya biyu, jak, famfon iska, fambel, baƙin mai, ruwan lagireto, shebur da igiyar ja. Ga tamfol, barguna, abinci da tsarabar Kaka.

Da na karanta wa Baffa jerin, ya yi dariya ya ce, "Malam ɗan boko, ka karya mini sifirin tun ba mu bar Gwaram ba." Ya ƙara da cewa Sharon motar kwalta ce, tayoyinta na gaba ne kawai ke ja, idan ta nutse a yashi da wannan lodi mu 7 ba za mu fitar da ita ba.

Abin da ya faru a 2013

Kance, garin da za mu ratsa, yana da labarin da ya kamata kowane matashi ya sani. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7. Yawancinsu daga yankin Kance suka fito, talauci ya tura su neman abinci a Aljeriya. Motocinsu biyu ne suka lalace, ruwa ya ƙare, ƙishirwa ta kashe su. Gwamnatin Nijar ta yi zaman makoki na kwana 3. Su ba yawon buɗe ido suka fita ba, kuma ba su da zaɓin da muke da shi. Amma abin da ya ci su shi ne abin da ke shafina: mota ta tsaya, ruwa bai kai ba.

Daga nan na rubuta ƙa'idoji huɗu da masu sanin hamada ke bi. Ba a shiga da mota ɗaya. A bar wa wani a gida hanyar da za a bi da lokacin isa, domin idan shiru ya yi yawa ya nemi taimako. Idan mota ta lalace a zauna kusa da ita a yi inuwa, domin mota ta fi mutum saurin ganuwa daga nesa, kuma tafiyar ƙafa cikin rana tana ƙarar da ruwan jiki. A riƙe sukari da gishiri, saboda idan gudawa ta kama yaro ana haɗa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 ta ruwa mai tsabta.

Akwai kuma batun tsaro. A 2025 an sace wasu mata biyu Turawa a cikin garin Agadas, ɗaya a Janairu, ɗaya a Afrilu. Motocin da ke wucewa gaba zuwa Dirku kan tashi ne cikin ayari da rakiyar soja.

Gwajin kwana a gona

Kafin in kai wa Baba littafin, Baffa ya ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Muka ɗauki tamfol, tabarmi, gidan sauro da jarkar ruwa ɗaya, mu 4, muka tafi gonarmu da ke gindin duwatsu muka kwana.

Kafin tsakar dare iskar hunturu ta tumɓuke turakun tamfol sau biyu, sai da muka danne su da duwatsu. A cikin yashi abin zai fi haka. Tocilanmu ɗaya ya mutu. Sanyin asuba ya sa ƙanena ya ce a shigo da kaskon gawayi cikin tamfol a rufe ko'ina, Baffa ya hana. Gawayi a rufaffen wuri yana fitar da wata iska marar wari marar launi, kabon monoksaid, wadda ke kashe mutum yana barci. Da safe muna naɗe tabarma sai ga kunama a ƙarƙashi, tun daga ranar kowa ke kakkaɓe takalmi kafin ya sa. Jarkar kuwa, da alwala da shayi da wanke kwanuka, ba ta kai azahar ba. Ƙanwata ce ta riƙa auna ta da gorar lita ɗaya tana rubutawa.

Na ƙara abu ɗaya da na koya a aji. A arewacin Nijar akwai busassun kwaruruka da ake kira kori, yashinsu yana da laushi, yana jan hankalin mai neman wurin kwana. Ba a kafa tanti a cikinsu, domin ruwan da aka yi a kan duwatsu masu nisa yana iya saukowa da ƙarfi alhali a wurinka ko ɗigo bai faɗo ba.

Hukuncin Baba

Baba ya karanta littafin shafi-shafi, ya mayar mini. Za mu je Damagaram mu yi kwana 5. Bayan biki za mu zaga unguwar Birni mu ga fadar Sarkin Damagaram, a garin da ya kasance babban birnin Nijar har zuwa 1926, lokacin da Faransawa suka mayar da shi Yamai. Dare ɗaya za mu kwana a fili a ƙauyen dangin amarya da ke kan hanyar Tanut, tare da mazan gidan da suka san wurin. Agadas kuma sai an samu motoci biyu da suka dace, da ɗan jagora, da kwanciyar hankali a hanya.

Ƙanena ya ɓata rai, ya ce ni na rusa masa tafiya da lissafina. Kaka ta kira shi ta ce, "Maigidana, ni ƙanwata nake so in gani, kuma ina so in dawo da ku duka." Bai ce komai ba, amma washegari na tarar ya ɗauki littafin yana sake raba 315 da 25 ko zai kama ni da kuskure.

Ku ma ku gwada wannan a tafiyarku ta gaba, ko da daga Gwaram zuwa Kano ce. Ku tambayi direba kilomita nawa ne, mai nawa motar ke sha, ku ƙirga mutane ku lissafa ruwa, ku rubuta lambar wanda za a kira idan an makara. Lissafin da kuke yi a aji ya ishe ku.

An riga an yi mana allurar shawara. Kaka ta ƙulla daddawa da kuka da turmin atamfa biyu. Shafin Agadas yana nan a littafin ban yage shi ba, ƙanena ya rubuta sunansa a samansa, ya ce shi zai tuƙa mota ta biyun.