Galaksin da iska ke sheƙewa

Da tsakar dare a farkon Afrilu, NGC 4402 tana wucewa kusan daidai saman kan mutanen Bodinga da Shagari, amma sai da madubin hangen nesa ake ganinta. Galaksi ce, wato tarin biliyoyin taurari mai siffar faifai. Ta gefe muke kallonta, shi ya sa ta fito siririya.

Tana cikin garken Virgo, inda gas mai tsananin zafi ya cika tsakanin galaksi da galaksi. Gudun da take yi a cikinsa kamar shiƙar gero ne: taurari su tsaya kamar tsaba, gas da ƙurarta su tashi kamar ƙaiƙayi. To, daga wannan gas ɗin nata ne sababbin taurari ke samuwa. In ya ƙare, haihuwa ta tsaya.